Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Batun Ciyar da Ɗaliban Jami'a

 

Akwai wani lissafi da ɗalibanmu suka ƙware a kansa wanda ba mu muka koyar da su ba. Idan ka ji ɗalibi ya ce wa abokinsa yau “sifili, ɗaya, sifili” yake yi, yana nufin babu karin kumallo, zai ci da rana, zai kwana da yunwa. Mai “ɗaya, sifili, ɗaya” shi ne wanda Allah ya rufa wa asiri. Cikin raha suke faɗa, amma ni da nake tsayawa gabansu ƙarfe takwas na safe na san bayan rahar akwai jiri da ciwon kai da ciwon gyambon ciki. Na taɓa fitar da wani yaro daga aji saboda gyangyaɗi, na yi masa faɗa a gaban 'yan'uwansa. Daga baya abokin ɗakinsa ya same ni a ofis ya ce, “Malam, wallahi tun jiya da rana rabonsa da abinci, sai ruwan garin kwaki.” Har yau abin yana damuna, kuma shi ya sa na karɓi gayyatar yin magana a wannan taro.

Yadda aka zo nan ba ɓoyayye ba ne. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Litar man da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 600 cikin wata biyu, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. A wannan tsakanin ne jami'o'in tarayya da yawa suka ƙara kuɗin rajista. Uban da ke aika wa ɗansa kwanon shinkafa da na wake da ɗan kuɗin cefane, yanzu kuɗin motar da za ta kai kayan ma ya zame masa aiki. Gwamnati ta buɗe asusun ba ɗalibai rance, NELFUND, a watan Mayun 2024, kuma cikinsa akwai naira 20,000 a wata na ɗawainiyar ɗalibi. Taimako ne, ba na raina shi. Amma ku raba kuɗin nan gida talatin, za ku ga bai kai naira 700 a rana ba, a ciki za a ci, a hau Keke Napep, a buga takardun darasi, a sayi data. Kuma bashi ne, wata rana za a biya.

Wasu za su ce ai jami'a wurin karatu ce, ciyarwa aikin iyaye ne. Waɗanda suka yi jami'a a shekarun 1970 suna zaune a wannan zaure, a tambaye su. Da tikiti suke shiga ɗakin cin abinci safe da rana da dare, gwamnati ta ɗauke mafi yawan kuɗin. Da aka ƙara kuɗin abinci da na masauki a 1978, zamanin Janar Obasanjo, ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ƙarƙashin Segun Okeowo ta fito da zanga-zangar nan ta neman Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya, ya sauka. An rasa rayukan ɗalibai a Legas da Samarun Zariya, aka kuma haramta ƙungiyar. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 an janye hannu daga ciyarwar gaba ɗaya, aka bar wa 'yan kwangila da masu tuwo-tuwo. Da yawa daga cikin manyan ƙasar nan da tuwon gwamnati suka yi digiri.

Kai, al'adar ciyar da ɗalibi ta girmi zuwan jami'ar Turawa ƙasar nan nesa ba kusa ba. Masanin tarihin Misira al-Maƙrizi ya ba da labarin makarantar Ibn Rashiƙ, wadda aka gina a ƙarni na 13 da dukiyar mutanen Kanem, suna kuma aika mata kuɗi don ɗawainiyar masu sauka a cikinta. A Azhar, a da ɗalibai na da sassan kwana gwargwadon ƙasashensu, har da na Barebari, kuma ana raba musu burodi daga dukiyar waƙafi. Mu dawo gida. A garuruwanmu, gardin da ya zo neman ilimi yana da gidan da ake ajiye masa kwano, uwar gida ta san da shi kamar yadda ta san da 'ya'yanta. Na san irin lalacewar da ta shiga tsarin almajirci daga baya, ba ita nake yabo ba. Tushen nake nufi: kakanninmu sun fahimci cewa wanda ya ba da lokacinsa ga karatu ba zai iya noma a lokaci guda ba, don haka gari ne ke ciyar da shi, gari ne kuma zai mori iliminsa. Da boko ya zo, sai muka ɗauka duk wanda ya sa ƙafa a jami'a ɗan gata ne, muka ɗauke kwanon.

Maƙwabtanmu ba su ɗauke ba. A Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai akwai gidan abincin ɗalibai mai rangwame, duk da irin ƙorafin da ɗaliban ke yi a kansa. Faransa ta fito da cin abinci a yuro ɗaya ga ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi a 2020. A Amurka ma, ɗaliban Jami'ar Jihar Michigan sun buɗe rumbun abinci kyauta don 'yan'uwansu tun 1993, yanzu ɗaruruwan makarantu na da irinsa.

Ba na cewa ba ma yin komai. Da azumi masallatan jami'o'inmu kan cika da kunu da ƙosai da shinkafa, ƙungiyar ɗalibai Musulmi da masu hali suna ƙoƙari, majami'u ma suna yi wa nasu. Allah ya saka musu. Sai dai yunwar ɗalibi tana da nata kalandar. Ta fi tsanani a makonni ukun ƙarshen zango, lokacin da guzurin gida ya ƙare, kuɗin aljihu ya tafi wajen buga aikin bincike, jarrabawa kuma ta kankama. Daidai lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi bukatar abinci, lokacin ne tukunya ke kife.

Abin da ya fi komai wuya a wannan aiki shi ne kunya. Ɗan Bahaushe zai gwammace ya kwana uku da yunwa da a ga ya shiga layin sadaka a gaban ajinsu. 'Ya mace kuwa abin ya fi muni, domin yunwarta akwai masu jiran su saye ta, wasunsu a cikin harabar makarantar suke. Saboda haka duk rabon da za a tara ɗalibai a rana, a ɗora musu buhu mai hoton wani a ka, a ɗauki bidiyo a saka a Facebook, wanda ya fi kowa bukata ba zai zo ba. Na ga haka da idona. Waɗanda suka cika layin ba su ne nake gani suna layi a aji ba.

Abin da nake kira a yi shi ne rumbun ɗalibai na dindindin, a matsayin waƙafi, da kwamitin amintattu wanda ya haɗa malami da ɗalibi da ɗan kasuwa da wakilin tsofaffin ɗalibai, suna bayyana abin da ya shigo da abin da ya fita kowane zango. A sayi gero da masara da wake da shinkafa da kaka, lokacin da farashi ya faɗi a Dawanau da kasuwannin ƙauye, a adana zuwa bazara. Jami'o'inmu da yawa na da tsangayar aikin gona da filaye masu faɗi da ciyawa ta cinye. A ware wa rumbun wani yanki. Manomi da ya fitar da zakkar hatsi a nuna masa wannan ƙofar, domin ɗalibi matalauci yana cikin masu haƙƙi, kuma hukumomin zakka irin na Kano da Sakkwato suna da hurumin shiga. A raba kashi biyu, tunda zakka tana da ƙa'idojinta: ita ta tafi inda shari'a ta ce, waƙafi da gudummawa kuma su wadaci kowane ɗalibi, Musulmi ne ko Kirista, ɗan jiha ne ko baƙo.

Wajen rabo kuwa, a ba ɗalibi tikiti irin wanda mai kuɗi ma zai iya saya, ya miƙa wa mai abincin da aka yi yarjejeniya da ita, ta zuba masa garau-garau ko ɗanwake ko tuwo, ba wanda ya san wa ya biya, wa aka biya wa. Ga masu girki da kansu, a ba su ɗanyen kaya a leda marar tambari, su zo ɗauka a lokacin da suka zaɓa. Gano mabukata ba zai yi wuya ba idan aka saurari shugabannin aji da masu kula da ɗakunan kwana da ma'aikatan asibitin makaranta, su ne ke ganin wanda aka kawo a sume. Kada a nemi yaro ya kawo takarda daga mai unguwa don ya tabbatar da talaucinsa. Idan mutum biyu cikin goma suka ci ba da haƙƙi ba, asarar ta fi sauƙi a kan a kori takwas da tambayoyi.

Kada mu jira sai mun iya ciyar da dubbai. A fara da sashe ɗaya, cin rana ɗaya, a makonnin jarrabawa. Mu malamai, duk da halin da albashinmu yake ciki, za mu iya yarda a riƙa cire wani abu kaɗan kowane wata, ni na sa sunana a farkon takardar. Tana hannun sakataren taro a bakin ƙofa, akwai gurbin kuɗi, akwai gurbin buhu, akwai kuma gurbin wanda zai ba da aron sito kafin kaka ta shigo.