Kada a sayar da duron gas, maganin yana bakin murhu

Iyayena mata, yayyena da ƙannena na Funtua, Bakori, Danja, Kafur da Malumfashi. Ga bayanin da na yi a zamanmu, saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.

Wasunmu sun yi adashe sun haɗa duron gas na kashin shanu. Yanzu wutar ta yi rauni, har ana cewa a sayar da duron a koma icce da hayaƙi. Don Allah ku dakata, kuɗin guminku ne a ciki.

Duron nan kamar tumbin saniya yake. Akwai ƙananan halittu a ciki da ido ba ya gani, su ke cin kashin su ba mu gas. Abu biyu ke kashe masu ƙarfi: tsami da sanyi.

Na farko, toka. Yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa a miya, haka tokar icce ke rage tsamin duro. A tankaɗe, a dama da ruwa, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. In ta yi yawa, ɓarna za ta yi.

Na biyu, garin gawayin da ke saura a gindin buhu. Ƙananan ramukan jikinsa su ne maɓoyar halittun nan, a ciki suke yaɗuwa.

Na uku, ku aiki yara mahauta su karɓo ɗanyen dattin tumbi. Aikinsa kamar tsohon nono ne da ake zuba wa madara ta zama kindirmo.

Bokitin kashi ɗaya, bokitin ruwa ɗaya. Karan masara sai an daddatsa an jiƙa, kuma kada ya fi kashin yawa. Mutanen Danja, a yi hankali da ruɓaɓɓen tumatir, tsami gare shi. Ruwan omo kuwa kada ya shiga ko kusa.

Halittun sun fi aiki a zafin da ya kai digiri 35. Saboda haka da hunturu a ajiye duron a rana, da dare a lulluɓe shi da buhuna. Kada a saka shi cikin ɗaki. In ana zargin yoyo, kumfar sabulu ake shafa wa tiyo, ban da ashana!

Ruwan da ke fitowa kuma taki ne, a kai wa masara.

Shugabannin mata na gundumomi, ku zagaya gida-gida ku duba, ku sanar da ni. A tura wa sauran 'yan'uwa. Allah Ya yi mana jagora.