GWAJIN KYAUTA DA TARAR DA AKA ƁOYE: INA MATSAYIN SHARI'A?

Matanin laccar da aka gabatar a zaman karatu na wata-wata a unguwar Yakasai, cikin birnin Kano.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, maudu'inmu na yau ya shafi wata mu'amala da ta shigo gidajenmu da shagunanmu ta cikin waya da kwamfuta. Kamfani zai ce maka ga manhaja, ka gwada ta kyauta kwana 7 ko kwana 30, amma ka fara ba shi lambar katin bankinka. Da zarar kwanakin sun cika, sai a fara cirar kuɗi ba tare da an sake tambayarka ba. Idan ka ce ka fasa, sai a ce akwai tarar fasawa, wadda ba ka taɓa jin labarinta ba. Matasanmu masu zanen katin biki da haɗa hotuna da aikin ɗab'i, da ɗalibanmu na jami'a, su ne suka fi faɗawa cikin wannan tarko.

Domin kada a zaci zargi ne kawai, ga abin da ya faru. A watan Yunin 2024, hukumar kare masu saye ta gwamnatin Amurka, wato FTC, ta sa aka gurfanar da kamfanin Adobe, mai manhajar Photoshop, a gaban kotu. Ƙarar ta ce kamfanin yana tura mutane zuwa ga wani tsari wanda a zahiri biyan wata-wata ne, amma a haƙiƙa alkawarin shekara guda ne, kuma wanda ya fasa kafin shekara ta cika ana cajinsa rabin kuɗin watannin da suka rage. Hukumar ta yi zargin cewa an sakaya wannan sharaɗi cikin ƙananan rubutu. Mu ɗauki misali: mai biyan naira 20,000 a wata, ya yi wata 2 ya ga ba zai iya ba. Saura wata 10, wato naira 200,000, rabinsu 100,000. Wannan shi ne kuɗin fita daga abin da aka shiga da sunan kyauta. Haka nan a watan Satumbar 2025, kamfanin Amazon ya amince ya biya dala biliyan 2.5 domin kashe wata ƙara da hukumar ta shigar, kan zargin sanya mutane cikin tsarin Prime ba da saninsu ba, da wahalar da su wajen fita.

A nan gida ma mun san irinsa. Da yawa daga cikin iyayenmu mata sun sha ganin katin wayarsu yana zurarewa saboda waƙar kira ko saƙonnin da ba su nema ba. Yawan koke-koke ne ya sa Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta fito da lambar 2442 a 2016 domin toshe saƙonnin talla, sannan a 2018 ta haramta wa kamfanonin waya sanya mutum cikin wani tsarin biya ba da yardarsa ba.

To, ina matsayin Shari'a? Asalin ciniki a Musulunci shi ne yardar juna, kamar yadda aya ta 29 cikin Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar mutane da ɓarna, ta kuma gindaya yarda a cikin fatauci. Yarda kuwa ba ta samuwa sai da sani. Wanda bai san nawa zai biya ba, bai san tsawon alkawarin ba, bai san abin da fita za ta jawo masa ba, danna maɓallin da ya yi ba ya zama cikakkiyar yarda. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cinikin garari, wato cinikin da ƙarshensa yake a ɓoye.

Mu dubi mas'alar dabbar da ake ƙin tatsa kwanaki kafin a kai ta kasuwa, domin hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Annabi ya hana wannan, ya kuma bai wa mai saye zaɓi na kwana 3: ko ya riƙe ta, ko ya mayar da ita tare da sa'i guda na dabino a madadin nonon da ya tatsa. A nan akwai darasi biyu. Wanda aka yaudara yana da haƙƙin warware ciniki. Kuma abin da zai biya shi ne gwargwadon abin da ya amfana da shi, ba wata tara da mai sayarwa ya ƙaga ba.

Gwaji a karan kansa ba laifi ba ne. Malamanmu na Malikiyya sun halatta cinikin zaɓi, kuma Ibnu Abi Zaid ya kawo shi a cikin Risala, domin mai saye ya jarraba haja ko ya yi shawara. Sun kuma bayyana cewa tsawon wa'adin yana bin yanayin hajar: gida kamar wata guda, dabba kamar kwana 3. Ma'aunin shi ne lokacin da zai isa a gane hajar. Saboda haka gwajin da aka taƙaita da gangan domin mutum ya shagala wa'adi ya wuce, ya saɓa wa manufar zaɓi.

Sai dai adalci ya wajaba a kanmu ko da a kan kamfanin da ba na Musulmi ba. Ba kowace tarar fasawa ce haramun ba. Imamul Buhari ya kawo hukuncin Alƙali Shuraihu game da mutumin da ya yi wa mai raƙuman haya alkawarin dirhami 100 idan bai yi tafiyar ba a ranar da suka sa. Da bai tafi ba, alƙalin ya hukunta masa biya, saboda shi ya ɗora wa kansa sharaɗin da zaɓinsa, babu tilas. A kan irin wannan ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekara ta 2000, ta halatta sharaɗin tara a cikin ƙulle-ƙullen kuɗi, ban da bashi, tare da cewa ya dace da haƙiƙanin cutarwar da aka yi, kuma alƙali yana da ikon rage shi idan an wuce gona da iri. Ke nan, sharaɗin da aka bayyana ƙarara, ka gani ka yarda, cika shi wajibi ne, kamar yadda farkon Suratul Ma'ida ya yi umarni da cika alkawura. Wanda aka ɓoye kuwa algus ne.

Saboda haka muna yi wa 'yan'uwa nasiha da abubuwa 4. Na farko, kafin ka ba da lambar katinka, ka san kwana nawa ne gwajin, nawa za a cira bayansa, alkawarin na wata ne ko na shekara, kuma nawa ne kuɗin fita. Wanda bai iya Turanci ba ya nemi mai karanta masa. Na biyu, ka rubuta ranar ƙarewar wa'adi, ka fasa kafin ta zo idan ba ka da buƙata. Na uku, idan an zalunce ka, ka nemi haƙƙinka a wurin kamfanin da bankinka, idan kuwa na waya ne ka kai ƙara NCC ta lambar 622. Na huɗu, zaluncin kamfani ba ya halatta maka yin ƙarya da sunaye daban-daban domin ka riƙa maimaita gwajin kyauta. Yaudara yaudara ce, ko wa aka yi wa.

Daga ƙarshe, kira na musamman ga 'yan kasuwarmu na Kurmi da Rimi da Kantin Kwari, da masu makarantu, da matasanmu masu ƙirƙirar manhajoji: kada mu ari wannan ɗabi'a. Mai bayar da kaya biya sannu-sannu, da mai bayar da hayar shago, da mai karɓar kuɗin makaranta, kowa ya faɗi sharaɗinsa tun farko, da bakinsa kuma a rubuce, cikin harshen da abokin hulɗarsa yake ji. Ribar da aka gina a kan mantuwar mutane ba ta da albarka, kuma za a yi hisabinta.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinsa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.