Mai Jego da Ciwon Damuwa: Jawabi ga Zumuntar Mata da Magidanta



Maganarmu ta yau a kan masu jego ce. A garuruwanmu idan mace ta sauka lafiya, ana zuwa barka, a kai itace da sabulu, a yi suna, sannan kowa ya koma gonarsa. To, a nan ne wahalar wasu matan take somawa.

Cikin kwanakin farko bayan haihuwa, mata da yawa sukan yi kuka ba dalili. Wannan yakan wuce da kansa kafin mako 2. Amma idan mako 2 ya wuce mace tana nan cikin baƙin ciki, ba ta barci ko da jariri ya yi barci, abinci ba ya mata daɗi, tana cewa ita ba uwar kirki ba ce, wannan ciwon damuwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa, kusan mace 1 cikin 5 da suka haihu tana fama da irin wannan. Ba ragwanci ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma ƙarancin bangaskiya ba ne. Muna faɗin haka da ƙarfi domin akwai matan da ke ɓoye ciwon don tsoron bakin mutane. Mu yi mata addu'a, mu kuma raka ta asibiti, kamar yadda muke yi wa mai zazzaɓi.

A asibiti ma'aikaciyar lafiya za ta yi mata tambayoyi, a kuma duba jininta, gama ƙarancin jini ma yana kawo kasala. Idan ciwon bai yi tsanani ba, tattaunawa a kai a kai da wanda aka horar takan isa. Idan ya yi tsanani, likita zai ba da ƙwaya. Akwai irin su sataralin da mai shayarwa za ta iya sha, don haka kada a yaye yaro saboda magani. Sai dai maganin ba ya aiki dare ɗaya. Yakan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ga sauƙi, kuma ana ci gaba da sha kamar wata 6 bayan an ji sauƙin. Kada ta daina farat ɗaya, kada kuma a sayo mata a kemis ba da takardar likita ba.

Yanzu ga namu aikin. Magidanta, barci magani ne babba. Ka karɓi yaron bayan ya sha mama, ka bar ta ta runtsa. Ɗiban ruwa da daka su jira, ko wani ya yi. Iyayenmu surukai, kun haifi tara ko goma kun daure, mun sani, amma faɗa mata haka ba ya warkar da ita. Zumuntar mata kuwa, ku raba kwanaki tsakaninku, ziyara ta ci gaba har bayan arba'in. Wadda ta je ta zauna ta tambaye ta, "Yaya kike ji a ranki?" sannan ta yi shiru ta saurara. Abin da aka ji a ɗaki kada ya fito bakin rijiya. A fi sa ido kan wadda ta taɓa yin ciwon, da wadda jaririnta ya rasu, da wadda mijinta ke dukanta.

Akwai wani hali dabam da ba ya jiran safiya. Mace 1 ko 2 cikin 1,000 sukan rikice, galibi cikin mako 2 na farko: kwana da kwanaki ba barci, surutai, jin muryoyin da ba wanda ke ji. Haka ma wadda ta ambaci kashe kanta ko cutar da jariri. Kada a ɗaure ta, kada a bar ta ita kaɗai da yaron. A nemi mota a kai ta babban asibiti mafi kusa a ranar. Idan an tura ku gaba, akwai asibitocin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware kusa da Sakkwato. Wannan ma yana jin magani. Muna roƙon kowace ikkilisiya ta ware kuɗin mota a baitulmali tun yanzu, ta kuma sanar da jama'a wanda za a buga wa ƙofa ko da tsakar dare ne.