Jawabi kan gyaran gilashin mota mai aiki da lantarki

An ba mu, mu masu gyaran wayar mota na nan Sabo, 'yan mintoci mu yi magana kan abin da ya fi kawo mana mutane garejin da zarar damina ta kankama, wato gilashin ƙofa da ya sauka ya ƙi hawa.

A zamanin Fijo 504, hannu ne ke juya gilashi, in mariƙin ya karye a sayi wani. Da tokumbo suka cika gari sai aka koma danna maɓalli. To kun san ruwan Ibadan, ba ya sallama. Gilashi ya maƙale a ƙasa da dare, kujera ta jiƙe, ga ɓarawo an buɗe masa hanya. Shi ya sa mutum kan ruɗe, gari na wayewa ya nufi kasuwar Agodi Get ya sayo ɗan injin ɗaga gilashi. Kwanan baya wani bawan Allah ya zo mana da nasa a leda, ya riga ya biya. Muka duba, ashe yaronsa ne ya danna maɓallin kulle da ke gefen direba, wanda ke hana gilasan fasinja motsi. Kuɗi kuwa sun tafi, don mai kaya ya ce ba ya karɓar abin da ya fita shago.

Saboda haka roƙonmu, kafin a sayi komai a tsaya a bincika, kuma a fara daga abu mai araha.

In duka gilasan huɗu suka mutu lokaci guda, da wuya a ce injina huɗu sun ƙone tare. A duba fis. Yawanci mai lamba 20 ne zuwa 30, kuma wanda aka cire, irinsa za a mayar. Don Allah a daina naɗa waya ko takardar kwalin sigari a gurbin fis. Fis yana ƙonewa ne don kada mota ta ƙone. In sabon ya sake tashi nan take, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, sai a neme ta.

In kuwa ƙofa ɗaya ce, to a nan kunne da ido ke aiki. A murɗa makulli ba tare da an tada mota ba, a kunna fitilar rufin ciki, a danna maɓallin. In hasken ya ɗan dushe, wuta tana isa injin, shi ne ya cije ko ƙarfen da ke ɗauke da gilashin ya maƙale. In hasken bai ko girgiza ba, wutar ba ta kai can, sai a koma kan maɓalli da waya. A gwada maɓallin direba, a gwada na ƙofar kanta. In ɗaya ya yi ɗaya ya ƙi, an kama mai laifi. Sau tari datti ne kawai da tsatsa a bakin ƙarafunansa, gogewa ta wadatar.

Akwai wani wuri da mutane ba su cika tunawa da shi ba. Tsakanin ƙofa da jikin mota akwai wata roba mai kama da maƙogwaro, ta cikinta wayoyi ke wucewa. Kullum aka buɗe ƙofa sai sun lanƙwashe, musamman ƙofar direba. Shekara da shekaru, tagullar ciki ta tsinke, bawon waje kuwa lafiya lau. Alamarsa, gilashi ya yi aiki in ƙofa na buɗe, a rufe ya ƙi, ko akasin haka.

In kun ji injin yana kuka amma gilashi bai motsa ba, ko kuka ji ƙaras-ƙaras sannan gilashin ya zube cikin ƙofa, injin na da rai. Igiyar ƙarfen da ke jan gilashin ce ta tsinke, ko robar da ke riƙe shi ta fashe. Akwai kuma wanda sai an bubbuga ƙofar da tafin hannu ana danne da maɓalli sannan ya tashi. Wannan buroshin cikin injin ne ya cinye. Dabarar za ta kai ka gida ka rufe motarka, amma ba gyara ba ce. Mu kan tabbatar da haka ta hanyar ba injin wuta kai tsaye daga batir, in mai waya biyu ne. A juya wayoyin, ya juya baya. Wanda ya yi shiru ta kowane ɓangare, shi ne ya cancanci a je kasuwa dominsa.

Gilashin da ke hawa da ƙyar kamar mai ciwon baya, galibi robar gefensa ce ta bushe ta cika da ƙasa. A wanke ta, a fesa man silikon. Ban da baƙin mai, don yana kumbura roba ya ƙara tara ƙura.

Ga mai son buɗe ƙofa da kansa, a manne gilashin a sama da salatif mai ƙarfi tukuna, a zare wayar injin kafin a zura hannu. Wasu ƙarafan irin na almakashi ne, da sifirin mai ƙarfi a jiki, in aka kwance injin ba a tokare su ba, suna iya datse yatsa. Ledar nan kuma da ke manne a bayan murfin ƙofa, wadda yaran gareji ke yagewa su yar, ita ke tare ruwan da ke zirarowa ta jikin gilashi. A mayar da ita yadda take, a kuma zoƙale ramukan ƙasan ƙofa don ruwa ya sami mafita.

Iyaye kuma, in za a bar yara a mota ko na minti ɗaya ne, a zare makulli a tafi da shi, domin gilashin nan yana da ƙarfin da zai matse wuyan yaro.

Mai tambaya yana iya ɗaga hannu, mun kuma zo da tsohuwar ƙofa ɗaya, tana waje, ga wanda ke son ganin cikinta.