Saƙar Kwarashi Da Zaren Auduga Domin Bazara

Yau kafin mu ɗauki alli muna so mu yi magana a kan zare da kwarashi.

Ga shi hunturu ya ba da baya. Hazo ya washe, an daina jin wuta da asuba. Nan gaba kaɗan bazara za ta kankama. A watan Afrilu, a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, zafin rana ya kan wuce digiri 40 a ma'auni. Babba ma ya kan rasa inda zai sa kansa, balle yaro.

To, amma in mun shiga gidan suna a cikin wannan zafi, me za mu gani? Za mu ga jariri da hular ulu, da rigar ulu, da safar ulu, sa'an nan an naɗe shi da shawul. Yana ta kuka, wuyansa da goshinsa duk ƙurajen zafi. Uwar ba don mugunta ta yi ba. Kyauta aka kawo mata, tana so mai kyautar ta ga an sa. Ita kuma mai saƙar, da ulu ta koya, ba wanda ya taɓa ce mata akwai wani zare. Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. In sanyi ya wuce, sai mu ajiye ulu mu ɗauki auduga.

Ga dalili. Yawancin abin da mu ke kira ulu a kasuwa ba gashin tumaki ba ne. Zaren roba ne, daga sinadaran man fetur a ke yinsa. Ba ya shan gumi sai ɗan kaɗan. Gumin sai ya tsaya a kan fata, ya toshe ƙofofin da ya ke fita, ƙuraje su feso. Ita kuwa auduga tana shan gumi, iska ta busar da shi, jiki ya yi sanyi. Shi ya sa kakanninmu su ke sa 'yar shara ta saƙi su shiga gona da ita.

Yadda za a gane zare

Mai kanti zai iya ce mana wannan auduga ce, alhali ba ita ba ce. Akwai hanyar gwadawa mai sauƙi. A yanki ɗan guntu kamar tsawon yatsa, a ɗora a kan kasko ko dutse, nesa da yara da danga, a kunna masa ashana. Auduga ta kan ci da sauri, tana warin takarda mai ƙuna, ta bar toka mai laushi. Zaren roba ya kan narke ya dunƙule, ya zama baƙin ƙullutu mai tauri. Ulu na ainihi kuwa warin ƙonannen gashi ya ke yi. Kada a riƙe zaren da yatsa lokacin gwaji, gama roba in ta narke tana manne wa fata.

Sa'an nan mu duba takardar da ke naɗe a jikin ƙwallon zaren. Akwai lamba a kanta, ko 5, ko 10, ko 20, ko 30. A nan ne mutane da yawa su kan ruɗe. Suna tsammani babbar lamba ita ce zare mai kauri. Ba haka ba ne. Lamba tana hawa, zare yana ƙara siranta. Watau 30 ya fi 10 siranta ƙwarai. Domin hula da jaka, lamba 5 ta yi daidai, ko kuwa a haɗa lamba 10 biyu a saƙa tare. Lamba 20 da 30 na adon bakin mayafi ne da hankici, sai hannu ya faɗa.

Wani zaren za mu ga an rubuta masa kalmar Turanci "mercerised". Sunan mutum ne a cikinta. Wani Bature ne na Ingila, John Mercer, ya gano a 1844 cewa in aka tsoma auduga a ruwan soda mai ƙarfi ta kan ƙara ƙarfi, ta kuma fi kama rini. Daga baya aka gane in an ja zaren ya miƙe lokacin tsomawa, har sheƙi ya kan yi. Irin wannan zare ya fi tsada, amma ba ya saurin tsinkewa, kuma ba ya yin gashi-gashi bayan wanki.

Wadda ba ta da kuɗin zaren kanti fa? Kada ta ce an bar ta a baya. Ƙasarmu ƙasar auduga ce. Wanda ya san Funtuwa da Gusau da Malumfashi ya san haka. In akwai tsohuwa a gida da ta iya gurza da shiɓa da kaɗi, to, zare ya samu. Sai dai abawa ba ta yi, don ta cika laushi, tana rabewa a bakin kwarashi. A nemi zare siriri mai murɗi sosai, a haɗa biyu a sake murɗawa da mazari. Ba zai yi sheƙi kamar na kanti ba, amma a jikin yaro ba abin da ya fi shi daɗi. Mu dai a ganinmu, abin takaici ne a ce mazari yana kwance a ƙasan gado, mu kuwa muna sayen roba.

Daga ina wannan saƙa ta zo?

Saƙar kwarashi ba tsohuwar sana'a ba ce kamar saƙar masaƙa. Sunan ma daga Faransanci ya fito, ma'anarsa 'yar ƙugiya. A ƙasar Holan ne wata mujalla ta fara buga bayanin yadda a ke yinta, wajen 1823, kuma 'yan jakunkunan kuɗi ne aka koyar a ciki. A 1845 ciwo ya faɗa wa dankalin Turawa a ƙasar Ailan, aka yi yunwa ta shekaru, mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu. A cikin wannan wahala aka koya wa mata da 'yan mata saƙa da siririn zaren auduga. Suna saƙawa ana kai wa ƙasashen waje ana sayarwa, gidaje da dama da wannan suka ci abinci.

Turawa suna da wani lokaci bayan ƙanƙara ta narke, daga Maris zuwa Mayu. Littattafansu na saƙa cike su ke da kayan wannan lokaci, su gyale da hula da jaka marasa nauyi. Watannin sun zo ɗaya da bazararmu, amma yanayin ba ɗaya ba ne. Abin da su ke kira ɗumi, mu a wurinmu sanyi ne. Saboda haka in mun ga hoto a littafi ko a waya, kada mu kwaikwaya ido rufe. Gyalen da Baturiya ta ke naɗawa a wuya a watan Afrilu, mu sai a ƙarshen hunturu zai yi mana amfani.

Saƙa uku kawai

Kwarashi ma yana da lamba a jikinsa, ta milimita. Zare lamba 5 yana tafiya da kwarashi 2.5 ko 3. Zare lamba 10 shi kaɗai yana son ƙaramin kwarashi na ƙarfe, wajen 1.5 ko 1.75.

Abu uku za mu koya. A nan aji za mu kira su sarƙa, da gajere, da dogo.

Sarƙa ita ce tushe. A yi zarge a bakin zare, a sa kwarashi a ciki. A rataya zare a ƙugiyar, a jawo ta cikin zargen. Ido ɗaya ke nan. A yi ta maimaitawa.

Gajere kuwa, a soka kwarashi a cikin ido, a jawo zare. Yanzu zare biyu ke kan kwarashi. A sake ratayawa, a jawo ta cikin biyun gaba ɗaya.

Dogo shi ne za mu fi amfani da shi. A fara rataya zare tukuna, sa'an nan a soka a ido, a jawo. Zare uku ke nan a kan kwarashi. A rataya a jawo ta cikin biyu. A sake ratayawa a jawo ta cikin biyun da suka rage. Shi ke nan.

In aka yi dogo ɗaya, aka yi sarƙa ɗaya, aka tsallake ido ɗaya, aka sake dogo, sai saƙar ta fito da tagogi kamar raga. Wannan ita ce saƙar bazara. Iska tana ratsa ta, ba ta cin zare da yawa, kuma tana sauri.

Hular jariri

Yanzu mu zo ga hula, mu kuma kasa kunne, domin a nan lissafi ya ke. Auduga ba ta miƙewa kamar ulu. Hular ulu in ta yi kaɗan a kan ja ta ta shiga. Ta auduga in ta yi kaɗan, sai dai a warware. Don haka tilas a auna kai kafin a fara.

A ari tef na tela, ko a zagaya kan da igiya sa'an nan a auna igiyar. Kan sabon jariri ya kan kai wajen inci 14. Kan babban mutum wajen inci 22 ko 23. Abin da aka samu a raba shi uku, a ɗan rage kaɗan. Wannan shi ne faɗin faifan tsakiyar hula. Na jariri zai zama wajen inci 4 da rabi.

A yi sarƙa 4, a haɗa bakinta ta zama zobe. A cikin zoben a saƙa dogo 12, a rufe zagaye. A zagaye na biyu, ko wane ido a sa masa dogo biyu, sun zama 24. A na uku, ido ɗaya a sa biyu, na gabansa a sa ɗaya, har a zagayo, sun zama 36. A na huɗu, ido ɗaya a sa biyu, idanu biyu na gaba a sa ɗaya ɗaya, sun zama 48. Haka za a yi ta tafiya: 60, 72, 84. Ko wane zagaye ƙarin 12 ne. Ko wane zagaye kuma a kan fara shi da sarƙa 3, ita ce ke tsayawa a madadin dogo na farko, a ƙirga da ita.

Mun san akwai masu cewa su da ido su ke yi, ba sai sun ƙirga ba. To, saƙar da kanta za ta tona asiri. In an yi ƙari fiye da kima, bakin faifan sai ya yi ta lanƙwasa kamar ganyen latas. In an yi ƙasa da kima, sai ya dunƙule kamar ƙoƙo tun bai kai faɗinsa ba. Gara a ajiye littafi da fensir a gefe. An gama zagaye, a rubuta lambarsa. In yaro ya yi kuka, ko tuwo ya kira, aka dawo, ba sai an yi ta zato ba.

In faifan ya kai faɗin da a ke so, a daina ƙari. Daga nan sai saƙar raga, zagaye bayan zagaye, za mu ga hular tana saukowa da kanta. Ta jariri, daga tsakiya zuwa baki wajen inci 5 ne. A rufe bakin da gajere zagaye biyu, kada a matse.

Akwai gargaɗi. Kada a sa wa hular jariri igiyar ɗaurewa a wuya, kada kuma a ɗinka mata duwatsu ko maɓalli, gama yaro ya kan tsinke ya kai baki. Hula mai tagogi ba ta tare rana, saboda haka goyo yana bukatar inuwa ko da yana da hula. In kuwa yaro yana barci a ɗaki da zafi, a cire masa hular gaba ɗaya, don ta kai zafin jikinsa ya ke fita. Amma jaririn da aka haifa yau, da bakwaini, su daban ne. Su a kan rufe musu kai, a bi abin da ma'aikatan asibiti suka ce.

Maza, kada ku ce wannan zancen mata ne. Hular nan tashi-ka-fiye-naci da mu ke sawa da zafi, da wannan lissafi za a iya saƙa ta. Faifan ne kawai zai kai inci 7. Mai ɗinka hula da allura ba zai ji kunyar kwarashi ba. Haka kuma 'yar jakar waya ko ta kuɗin cefane: faifai a ƙasa, a hau da gajere domin kada tsaba ta zube, a yi zagaye ɗaya na raga a sama a zura igiya.

Wanki da ciniki

Auduga ta kan ɗan tsuke a wankin farko. Mai hankali ta kan saƙa ɗan gutsure kamar tafin hannu, ta auna, ta wanke, ta sake aunawa. In zaren mai launi ne, a jiƙa shi a danna a kan farin ƙyalle. In ya zuba, kada a haɗa shi da fari. Zaren da aka rina da baba yana da kyau, amma ya kan bar shuɗi a goshi, sai an ɗauraye shi sosai kafin a saƙa.

A wanke da ruwan sanyi da sabulu, a matse a hankali, kada a murɗe. Kada a rataya a igiya, don nauyin ruwa zai ja shi ya yi tsawo. A shimfiɗa a tabarma a inuwa. Hula kuwa a kifa ƙoƙo a ɗora ta a kai, za ta bushe da siffarta. Lokacin aiki a sa ƙwallon zaren a cikin kwano mai murfi, a wanke hannu, gama farin zare ba ya yafe gumi da manja.

Wadda za ta sayar ta rubuta abu uku: kuɗin zare, da yawan hulunan da ƙwallo ɗaya ya fitar, da kwanakin da ta yi. Da yawa su kan manta da na ukun, su sayar da hula a kuɗin zare kawai, wahalarsu ta tafi a banza. Kuma a fara tun yanzu, kafin zafi ya tsananta masu suna su fara nema.

Ran Laraba in Allah ya kai mu, kowa ya zo da kwarashi lamba 2.5 ko 3, da ƙwallon zare ɗaya, da igiyar da ya auna kan wani yaro a gidansu. Wanda bai samu kwarashi ba ya zo haka nan, akwai masu sassaƙa a cikinmu da za su iya fere shi da itace. Yanzu a ɗauki alli, kowa ya rubuta 12, ya yi ta ƙara 12 har ya kai 84.