Jan Layin Kwamfuta Bai San Bambancin Ƙasa da Kasa Ba



Tarihin baƙaƙe masu lanƙwasa sananne ne, daga zamanin Hukumar Fassara ta Zariya zuwa taron daidaita rubutu na Bamako na 1966 da na Yamai na 1980. Magana a yau kan malaman da ke sallamar ɗalibi da cewa ya je kwamfuta ta gyara masa kundinsa.

Aikin manhajar gyaran rubutu ɗaya ne. Takan ɗauki kalma ta duba ko tana cikin jerin da aka loda mata. In babu, ta ja jan layi, kamar yadda Microsoft Word ke yi tun 1995. In akwai, ta wuce abinta. Ko da Turancin da aka fi kashe wa kuɗi, wanda ya rubuta "form" a gurbin "from" ba zai ga jan layi ba, domin duka biyun kalmomi ne.

To, a Hausa abin ya fi muni. A ɗauki "Hukumar zaɓe ta ƙasa". Lanƙwasa ɗaya ta faɗi, sai ta koma "Hukumar zaɓe ta kasa". Na farko suna ne, na biyu tuhuma ce da za ta iya kai edita gaban alƙali. Kowace kalma a jimlar tana cikin ƙamus, nahawu ma bai karye ba, don haka manhaja ba ta da abin cewa. "Kasa" ɗin kanta ba ɗaya ba ce: akwai gazawa, akwai macijiya, akwai kasa kaya a kasuwa. Karin sauti da tsawon wasali ne ke raba su, rubutun boko kuwa ba ya nuna ko ɗaya. Kamar ƙasa da kasa, lanƙwasa ce ke raba baki da baƙi, kafa da ƙafa, kara da ƙara a rubuce.

Rabon kalma ma tarko ne. Ɗalibi ya rubuta "yayi" yana nufin "ya yi", manhaja ta ɗauka yayin tufafi yake nufi. "Ba ta", "bata" da "ɓata" kuwa, duk sammakal a wurinta.

Masu cewa sababbin manhajoji sun fara fahimtar jimla suna mantawa da inda manhajojin suka koyi Hausar: intanet, inda akasarin rubutu ba shi da lanƙwasa. Abin da aka shayar da su, shi suke amayarwa.

Saboda haka a dawo da shifta a firamare, kowane mako. Sassan Hausa su daina karɓar kundin da babu ɓ, ɗ da ƙ, tunda wayoyin yau suna da allon rubutun Hausa. Gidajen jarida da maɗaba'u kuma su maido da kujerar mai duba rubutu, su biya shi albashi, ya karanta kowane kanun labari da babbar murya kafin a buga.