Kafin katanga ta faɗo: jawabin 'yan ajin yaƙi da jahilci a taron cika shekara

Hajiya shugaba, iyayenmu mata, 'yan'uwa, da mazajenmu da suka daure suka zo, sannunku da zuwa. Allah ya maimaita mana.

An ce mu 'yan aji mu ce wani abu. Da hannunmu muka rubuta takardar nan, malama dubawa kawai ta yi. Lissafin riba kuwa ma'aji ta riga ta karanta, mu maganar gini ce ta kawo mu.

Kun tuna ƙarshen Agustan 2022, lokacin da bene mai hawa uku da ake ginawa ya rufta a titin Beirut, kasuwar 'yan waya. A daminar nan ce kuma ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa dukiya. Mai shago ya yi asara, an jajanta masa, kuma ya cancanta. Amma ɗan dakon da ya wayi gari babu kayan ɗauka fa? Da lebura, da birkila, da yarinyar da ke kai musu abinci? In gini ya faɗi, da wuya ka tarar da mai shi a ciki. Waɗannan ne a ƙarƙashi, kuma 'ya'yanmu ne da ƙannenmu.

Ba sai mun je nesa ba ma. A lungunanmu na Shahuci har zuwa bakin Jakara, gidan ƙasa ya fi yawa, shi kuwa gidan ƙasa sai da yaɓe da gyaran indararo kafin ruwa ya sauka. Yanzu kuɗin yaɓen ya gagari mutane. An cike kududdufai an yi gini a kai, leda ta toshe kwata, maƙwabci ya yi na bulo ya ɗaga dandaɓensa, ruwan duk ya dawo gindin katangarki ya kwanta. Wani ma sai ya shafe ƙasar da siminti, daga waje gwanin kyau, ciki kuwa ta jiƙe ta rube, gara ta cinye azara. Kuma yawanci cikin dare take faɗowa, kan mace da yara. 'Yar haya ta yi magana, mai gida ya ce a bari sai bayan damina. Bayan damina kuma na me?

Girgizar ƙasa dai Allah ya kare mu da ita. Wadda aka yi a Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairu 2023 ta ci rai sama da 50,000, kuma a Turkiyya har an kama 'yan kwangila saboda ginin ha'inci. A Bangaladash ma babu girgizar komai, ranar 24 ga Afrilu 2013 benen Rana Plaza ya rufta wa masu ɗinkin kaya, akasarinsu mata, sama da 1,100 suka mutu. An ga tsagewar tun jiya-jiyan, aka ce su koma bakin keke. Bayan nan ƙungiyoyin ƙwadago na can da na ƙasashen waje suka haɗa kai, suka matsa wa kamfanonin da ke sayen kayan har suka sa hannu a riƙa duba gine-ginen.

To mu wa zai matsa mana? Ƙungiyar Ƙwadago ta NLC tana nan, amma ɗan dako da mai wanke-wanke ba su da kati, ba su da albashi. Abin da suke da shi su ne mu.

Don haka muke roƙo a buɗe asusu daban, ban da adashi, kowace mamba naira 200 a mako. Ba na biki ba ne, ba na suna ba, Hajiya a ji mu da kyau. Na yaɓe ne kafin ruwa, da na magani da ɗakin fakewa in abu ya faru, kuma ya haɗa da yaran da ke mana dako da matan da ke taya mu aiki, ko da ba mambobi ba ne. Mu 'yan aji mun ɗauki alƙawarin zagayawa gida-gida mu rubuta inda bango ya tsage, tunda yanzu mun iya. In mai gida ya ƙi gyara, mu kai wa mai unguwa a rubuce, da sunan ƙungiya, kada a bar mace ɗaya ta je ita kaɗai a kore ta daga haya.

Littafin yana hannun sakatariya. Wadda ta yarda ta sa sunanta kafin a raba abinci, wadda hannunta bai faɗa ba tukuna ta zo mu rubuta mata.